Jami'a Ta Zo Gusau: Ina Yaran Karkarar 'Yandoto?

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau, bayan ya wuce Tsafe zai iske 'Yandoto. Ƙaramin gari ne a yau, amma tun kafin jihadi ya yi suna a ƙasar Hausa wajen ilimi. Almajirai sukan zo daga nesa domin ɗaukar karatu a wurin malamansa, har wajen shekarar 1806 da rundunar Muhammadu Bello ta ci garin, malaman suka watse. Saboda wannan tarihi ne wasu marubuta suke kiransa jami'ar zamanin da.

A kan wannan hanya ɗin dai, dab da shiga Gusau, Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a shekarar 2013. Kafin nan, duk ɗan wannan yanki mai son digiri sai ya nufi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ko ta Sakkwato da aka kafa a 1975. Jihar Zamfara kanta sai a 1996 aka ƙirƙiro ta, jami'arta ta Talatar Mafara kuwa sai a 2018. Yanzu tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba. To, me ya hana ɗan manomi na ƙauyukan Tsafe da Bungudu shiga?

Ba rashin gurbi ba ne kaɗai. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki, 35 ga 'yan yankin da jami'a take, 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko. Zamfara tana cikin waɗannan jihohi. Wato yaron 'Yandoto yana da ƙofa uku. Sai dai kowace ƙofa tana neman abu ɗaya: darussa biyar da aka ci da kyau a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Turanci. Nan ne gizo yake saƙar.

Matsalar tana farawa tun daga firamare. A shekarar 2018, yara 28 kacal aka yi wa rajistar jarrabawar shiga makarantun sakandare na tarayya daga Zamfara baki ɗaya, ita ce ta ƙarshe a ƙasar. Waɗanda suka daure har suka gama sakandaren jiha su ma sun sha wuya, domin an yi shekaru hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamakon ɗalibai saboda bashin da suke bin gwamnatin jihar. Yaro ya zauna jarrabawa, ya ci, amma babu takardar da zai nuna. Gwamnatin Dauda Lawal ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023, ta kuma biya basussukan, aka saki sakamakon. Amma shekarun da suka wuce sun wuce. Wasu yaran sun koma gona, 'yan mata da yawa an aurar da su.

Tsallake na biyu shi ne jarrabawar JAMB. Tun daga 2015 da kwamfuta ake yin ta, daga 2021 kuma ba a rajista sai da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, wato NIN. Ɗan birni ya saba da waya da kwamfuta tun yana ƙarami. Ɗan ƙauye kuwa, wani sai a ranar jarrabawar zai fara taɓa madannai, ga agogo yana tafiya. Daɗin daɗawa, cibiyoyin rajista da na jarrabawar a manyan garuruwa suke, saboda haka akwai kuɗin mota, da na abinci, wani lokaci har da na kwana.

Na uku shi ne tsaro, kuma shi ya fi ci wa iyaye tuwo a ƙwarya. A watan Fabrairun 2021 aka sace 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe. A watan Satumba na shekarar aka kwashi wasu ɗalibai a ƙaramar hukumar Maradun, har gwamnati ta rufe makarantun jihar. A Satumbar 2023 kuma 'yan bindiga suka shiga gidajen haya na Sabon Gida, a ƙaramar hukumar Bungudu, suka tafi da ɗalibai mata na Jami'ar Gusau. A lura, ɗalibin da iyayensa suke cikin gari yana iya komawa gida ya kwana. Wanda ya fito daga ƙauye shi ne dole ya nemi ɗakin haya mai araha a gefen gari.

Duk da haka, 'yan'uwa, kada mu naɗe hannu. Akwai abubuwan da iyaye za su iya yi tun da wuri. A yi wa yaro lambar NIN tun yana aji huɗu na sakandare, a kuma tabbata sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a kowace takarda, gama bambancin harafi guda yana iya jawo wahala a ranar tantancewa. Lokacin hutu, a tura shi wurin ɗan'uwa a Gusau ko Funtuwa ya koyi kwamfuta, ko da na mako biyu ne. Wanda bai sami darussa biyar ba, kada a ce ya gama. Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fagen shiga jami'a a Funtuwa. Ana kuma iya bi ta Kwalejin Ilimi ta Maru ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda, daga baya a shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Game da kuɗin makaranta, tun 2024 asusun NELFUND yake ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa.

Sauran aikin na hukuma ne: malaman Turanci da Lissafi a makarantun ƙauye, cibiyar jarrabawa kusa da jama'a, da ɗakunan kwana masu tsaro a cikin harabar jami'a. Waɗanda suka riga suka yi digiri daga waɗannan ƙauyuka su ma da nasu rabon. Kowannensu ya ɗauki yaro ɗaya ya nuna masa yadda ake cike takardu da yadda ake zaɓen fanni, gama yawancin iyayenmu ba su taɓa bin wannan hanya ba, balle su nuna wa 'ya'yansu.