Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Shekarar Korona a Fadamar Haɗejia

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Masu sauraronmu na cikin birnin Haɗejia, da na Auyo, da Kirikasamma, da Guri, da Birniwa, da Malam Madori, da Kaugama, da Kafin Hausa, da duk wanda muryata ta iske a bakin ruwa ko a bakin tasha, barkanku da warhaka. Shirinmu na musamman na yau zai waiwayi shekarar 2020, shekarar korona, mu ga yadda annoba guda ta sauka a ƙasa guda, amma kowace sana'a ta ji ta daban.

Kafin mu gangara fadama, ku ara mini minti biyu in kai ku shekarar 1918, domin wani abu da na ci karo da shi wajen shirya wannan shiri ya ƙi barin raina.

A ranar 14 ga Satumba, 1918, wani jirgin ruwa mai suna Bida ya tsaya a gaɓar Legas ɗauke da fasinjoji marasa lafiya. Mura ce mai zafi, wadda ta riga ta zagaye duniya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga Legas ta hau jirgin ƙasa, cikin 'yan makonni sai ga ta a Arewa. Kakanninmu suka raɗa mata suna marisuwa. An ƙiyasta ta kashe mutum kusan 500,000 a Najeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar duka ba su wuce miliyan 18 ba. A wancan zamani layin dogo bai ma ratso ƙasarmu ba, domin sai a 1930 ya bi ta Malam Madori ya kai Nguru.

To ga abin da ya tsaya mini. Wani masanin tarihi, Don Ohadike, ya bi sawun wannan annoba a ƙasashen da ke bakin kogin Kwara ta kudu, inda doya ce abincin gado. Doya tana son majiya ƙarfi: a yi tudu, a kafa sanda, a yi noma a kan kari. Da annoba ta kwantar da majiya ƙarfin, in ji shi, sai mutane suka karkata ga rogo. Me ya sa rogo? Saboda aikinsa bai kai na doya ba, kuma in ya nuna, yana iya zama a cikin ƙasa har ranar da mai shi ya samu ƙarfin tono shi. Rogo yana jira.

Ku riƙe mini wannan kalma, jama'a: jira. Da ita za mu auna kowace sana'a a yau.

(Kiɗa kaɗan)

Labarin korona kuwa kun san shi, don haka ba zan daɗe a kai ba. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da korona a Legas. Ranar 30 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya kulle Legas da Ogun da Abuja. Cikin Afrilu ta ɓulla a Kano aka kulle Kano, ta ɓulla a Kazaure, gwamnatin jiharmu ta lokacin, ƙarƙashin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, ta shiga kulle garuruwan da aka same ta. Aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli. Azumi kuwa ya kama ranar 24 ga Afrilu, a tsakiyar kulle.

Yanzu mu gangara fadama.

Ɗauki manomin rani a yankin Auyo, wanda ke shan ruwan da madatsun Tiga da Challawa ke sakowa cikin kogin Haɗejia. Tun sanyi ya zuba kuɗinsa a ƙasa: iri, taki, maganin feshi, man injin ban ruwa, kuɗin 'yan ƙwadago. Wani bashi ya ci, wani akuyar maiɗakinsa aka sayar. Allah ya ba da albarka, tumatir ya yi ja, tattasai da attaruhu suka cika kwanduna. Korona ba ta taɓa ganye ko ɗaya a gonar nan ba. Ruwa yana nan, rana tana nan, ƙasa ta cika alkawari.

Amma tumatirin Auyo ba a Auyo ake cinye shi ba. Masu cin sa suna Kano, suna Abuja, suna Legas, inda kasuwar Mile 12 ke karɓar kayan gwarin Arewa. A takarda, dokar kulle ta ƙyale motocin abinci su wuce. A kan kwalta kuwa, shinge ne bayan shinge, kowace jiha da nata, ga dokar hana fitar dare. Tafiyar da aka saba yi cikin kwana biyu sai ta ja. In motar ta isa, otal-otal a rufe, gidajen abinci a rufe, ba biki ba suna. Shi kuwa tumatir a zafin Afrilu bai san doka ba. Kwana kaɗan ya fara ruwa, kwandon ya fara ɗiga. Dillalin da ya yi asara sau ɗaya ba ya dawowa gona karo na biyu, in ma ya dawo, da tayin wulaƙanci zai zo.

Sai ga abin mamaki: rana ɗaya, kaya ɗaya, a bakin gona ya faɗi warwas, a birni ya yi tsadar da talaka ba ya iya taɓawa. Manomi yana kuka, mai cefane yana kuka. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Wa ya tsira da wani abu? Wanda ya ɗauko wuƙa ya yanka tumatirinsa, ya shanya a rana ya mai da shi kauɗa. Wanda ya busar da tattasai da barkono ya ɗura a buhu. Kuɗin kauɗa bai kai na ɗanye ba, amma kauɗa tana kaiwa damina. Kauɗa tana jira.

Mu je kasuwar kifi ta Haɗejia, wadda sunanta ya kai har Kudu. Duk wanda ya taɓa shiga ya san ƙamshin banda da ke tarbar mutum tun daga nesa, ya san kwalayen da ake jerawa, ana ɗaurewa, ana lodawa zuwa Anaca da Legas. Kifin nan daga fadamun Haɗejia da Nguru yake zuwa, wani ma daga can yankin Tafkin Cadi. To a nan ma annoba ta raba 'yan uwa biyu. Masuncin da ya fito da tarwaɗa da karfasa ɗanye da asuba, yana da daga hantsi zuwa azahar. In mai saye bai zo ba, ko ya karyar, ko ya kai gida a ci. Mai banda kuwa kuɗinsa sun maƙale, gaskiya ne, kuma ƙwari na iya shiga kwali in aka daɗe, amma yana da makonni a hannu. Hayaƙin da ke sa matan masunta hawaye a gaban murhu, shi ne ya zama musu asusu a shekarar nan.

Haka mai shanshera. Haka mai riɗin da ake tarawa a Malam Madori da Maigatari don fitarwa ƙasashen waje. Ciniki ya yi sanyi, amma buhu ba ya ruɓewa don an ƙara masa wata guda a ɗaki. Shinkafa ma daraja ta ƙara, tunda iyakokin ƙasa suna rufe tun Agustan 2019, kuma kowa na neman abin da zai ajiye a gida. Sai dai a nan akwai abin da ke damuna. Ba kowane mai shanshera ne ya iya jira ba. Ƙaramin manomin da bashi ke wuyansa, ga azumi ga iyali, ya sayar tun a masussuka. Wanda ke da rumbu da sauran kuɗi a aljihu shi ya saya, shi ya jira, shi ya ci ribar. Kaya na iya jira, mai kaya ya kasa.

(Kiɗa kaɗan)

Akwai kuma mutanen da ba su da kwando, ba su da buhu. Hajarsu ita ce yinin ranar. Direban motar Kano. Ɗan kamasho. Ɗan dako. Yaron da ke tura baro ranar kasuwa. Baiwar Allah mai tuwo da miya a bakin tasha. 'Yar Fulani mai fura da nono, wadda ƙwaryarta ke tsami kafin la'asar. Waɗannan, in rana ta faɗi ba su yi aiki ba, ranar ta tafi ke nan. Ba a shanya yini, ba a yi masa banda. Hannu baka hannu ƙwarya ake yi, kuma aka ce a zauna a gida.

Ga malaman makarantun kuɗi, waɗanda aka rufe musu makarantu tun Maris, watanni ba kuɗin makaranta, ba albashi. Ga tela. Kowa ya san watan azumi shi ne kakar tela, lokacin da keke ke kwana yana kuka. A 2020 Ƙaramar Sallah ta zo ranar 24 ga Mayu, magidanta na lissafin gero, ba na shadda ba. A masarautu da yawa na Arewa ba a yi hawan Sallah ba, sai mai kwalliyar doki, da baduku, da makaɗi, da maroƙi suka wayi gari kakarsu ta wuce su. Saudiyya ta hana alhazan waje zuwa aikin Hajji, masu harkar jigilar alhazai su ma suka naɗe hannu.

Kuma kada lissafin kuɗi ya mantar da mu mutane. A farkon watan Mayun nan, Haɗejia ta yi jana'izar dattawa bi da bi, har gwamnatin jiha ta kafa kwamitin bincike. Cikinsu akwai iyayen gida, akwai iyayen sana'a, masu riƙe da amanar kasuwa a ka. Allah ya jiƙansu da rahama, ya kyauta namu zuwan.

Shin akwai waɗanda kasuwarsu ta buɗe? Akwai. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna daga Afrilu zuwa Yuni na 2020 tattalin arzikin Najeriya ya ragu da kashi 6.1 cikin 100. Harkar sufuri ta zube da kusan rabi. Noma ya ɗan ƙaru. Harkar sadarwar waya kuwa ta haura da kusan kashi 18 cikin 100. Kun ga ke nan, da ƙafa ta tsaya sai murya ta yi tafiya. Dillali yana Haɗejia, mai saye yana Anaca, a yi ciniki a waya, a turo kuɗi ta banki, a je wurin mai POS a karɓa. Mai sayar da kati ya samu, mai cajin waya ya samu. Telan da ya rasa ɗinkin Sallah, in mai dabara ne, ya tattara ƙyallaye ya koma ɗinkin takunkumi. Faɗuwar wani tashin wani.

Ina ganin agogo yana neman ƙure mu, bari in gaggauta.

Man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, har a ranar 20 ga Afrilu farashin ɗanyen man Amurka ya gangara ƙasa da sifili. Najeriya ta rage ƙiyasin kasafinta daga dala 57 kowace ganga zuwa dala 28, kuma jiha irin tamu da ke dogaro da kason wata-wata daga Abuja dole ta ji a jikinta. Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 don bai wa magidanta da ƙananan 'yan kasuwa rance. Abu ne mai kyau, wasu sun samu. Amma ta intanet ake nema, kuma ina tambayar kaina har yau: mai furar da muka ambata ɗazu, ta wace ƙofa za ta shiga?

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A watan Satumba kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shanye gonakin shinkafa a faɗin fadamar, matasan Haɗejia suka kwana suna jera buhunan ƙasa don kare gari. Zuwa Disamba tsadar abinci a ƙasar ta kusa kashi 20 cikin 100. A watan ne kuma, ranar 16, aka sake buɗe iyakar Maigatari, garin da kasuwar dabbobinsa ta ranar Alhamis ke haɗa mu da 'yan uwanmu na Nijar. Labarin masu shanu da raguna shiri ne guda, za mu kawo shi wani mako in Allah ya yarda.

Abin da nake so mu kwana da shi shi ne wannan. Fadamarmu ta iya bayarwa, wannan ba a tambaya. Abin da ya rage mana shi ne koya wa abin da ta bayar jira: wurin shanya mai tsabta, murhun banda mai kyau, rumbun haɗin gwiwa inda ƙaramin manomi zai ajiye buhunsa ya karɓi ɗan abin riƙe gida, maimakon ya sayar a masussuka. Da adashe mai ƙarfi ga ɗan dako da mai tuwo, tunda yininsu ba ya ajiyuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malam manomi, Sarkin Ruwa, Hajiya mai abinci, ku kira mu ku faɗa mana: a cikin abin da kuke sayarwa, me ke iya kwana arba'in bai lalace ba? Layukanmu a buɗe suke bayan labarai. Allah ya kiyashe mu da sharrin annoba, ya sa albarka a fadamarmu. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)