CIWON SANDAREWAR BAYA: SHIN BARIN TUWO MAGANI NE?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, akwai wata magana da ta taso daga ƙasar Ingila, ta biyo wayar salula har tana isowa garuruwanmu. Ana cewa mai ciwon baya ya bar tuwo, ya bar fura, ya bar shinkafa da rogo, sai ya warke. A ƙasar da hatsi shi ne cimaka safe da rana da dare, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kafin magidanci ya ce wa uwargida ta daina zuba masa tuwo, ya kamata ya san wane ciwo ake nufi, ina maganar ta samo tushe, kuma me zai sa a akushi idan ya ɗauke tuwon.

WANE CIWON BAYA AKE NUFI?

Ba wanda ke kama mutum bayan ya wuni duƙe da hauya ba. Wannan gajiya ce, in an kwanta an huta sai ta saki. Wanda muke magana a kansa akasin haka yake. Hutu ne ke tsananta shi, motsi ne ke sassauta shi. Yana farawa tun mutum na saurayi ko budurwa, kusan kullum kafin shekara 45. Yana shigowa sannu-sannu ta ƙugu da ɗuwawu, yau dama, gobe hagu. Yana tada mutum daga barci a ƙarshen dare. Da asuba baya ya sandare, ruku'u ya gagara, sai an yi rabin awa ko fiye ana kai da kawowa sannan jiki ya saki. Haka zai yi ta yi fiye da wata 3. Wani yana haɗawa da ciwon diddige. Wani ido guda ya yi jajir, yana zafi, ba ya son haske. Mai wannan ido ya tafi likita a ranar, don gani na iya lalacewa.

Kumburi ne a gaɓoɓin ƙashin baya da inda baya ya haɗu da ƙugu. In ya daɗe ba kulawa, ƙasusuwan na iya mannewa su zama kamar sandar gora, mutum ya ranƙwafa, ba ya iya waiwaye sai da dukan jiki. A takardar likita za ku ga an rubuta sunansa da Faransanci: spondylarthrite ankylosante.

A shekarar 1973 likitoci a Landan da Amurka suka gano cewa mafi yawan Turawa masu wannan ciwo, wajen 9 cikin 10, suna ɗauke da wata alama ta gado a jininsu, ana kiranta HLA-B27. A Afirka ta Yamma alamar ba ta da yawa, ciwon ma haka. Wani bincike da aka buga a 1997 a kan Fulanin Gambiya ya tarar wajen mutum 6 cikin 100 na da alamar, amma ba a samu mai ciwon ba ko ɗaya cikin waɗanda aka duba. Duk da haka likitoci a Burkina Faso da Togo sun ba da labarin marasa lafiyar da suka same shi da su. Ke nan akwai shi a yankinmu, amma ba shi ne na farko da za a zarga ba.

A nan ne haɗari yake. A ƙasarmu mai daɗaɗɗen ciwon baya na iya zama tarin fuka ne ya sauka a ƙashin bayansa. Alamunsa su ne rama, zazzaɓin marece, zufar dare, daga baya ƙusumbi da mutuwar ƙafafu. Yana iya zama kuma ciwon da ake ɗauka daga ɗanyar madara ko wajen taimakon dabbar da ta yi ɓari. Duka biyun suna da magani, na tarin fuka ma kyauta ake ba da shi. To ku duba mai tarin fuka, wanda ciwo ya riga ya ci naman jikinsa, a ce kuma ya bar tuwo da fura yana jiran sauƙi. Ya ƙara wa kansa yunwa bisa ciwo, ya ɓata watannin da ya kamata ya yi yana shan magani. Saboda haka kafin a taɓa tukunya a fara zuwa likita. In malamin asibiti ya ga da bukata, zai tura mutum babban asibiti a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai a ɗauki hoton ƙashi, a auna jini.

INDA MAGANAR TA FITO

Sitaci shi ne farin garin nan da ke kwantawa ƙarƙashin ƙwarya in an tace gasara ko an jiƙa rogo. Shi ke ba mu ƙarfin aiki. Hatsi da dawa da masara, in an raba su kashi 100, to 60 zuwa 70 sitaci ne. Shinkafa ta fi haka.

Wani likita mai bincike a Landan, Farfesa Alan Ebringer, ya yi shekaru yana nazarin wata ƙwayar cuta mai suna Kilebsiyela wadda ke zaune a hanjin mutane da yawa. A ganinsa, ba duka sitacin da muka ci ke narkewa ba, saura na gangarawa babban hanji ya zama cimakar wannan ƙwaya. In ta yi yawa, jiki ya tashi yaƙi da ita. Amma wani sashe nata ya yi kama da alamar gadon nan, sai dakarun jiki su ruɗe su afka wa gaɓoɓin mai su. Ya ce to a rage sitaci, ƙwayar ta ji yunwa, kumburi ya kwanta. A 1996 ya buga sakamakon marasa lafiya 36 da suka yi wata 9 a kan irin wannan ci, ya ce awon jininsu ya nuna kumburi ya ragu.

Mutum 36 ba su da yawa, kuma ba a ajiye wani rukuni gefe mai cin abincinsa na kullum don a kwatanta ba. Ciwon nan kuwa da ma yana tashi yana kwanciya da kansa. A 2018 masu bincike na jami'ar Abadin, a Sikotland, suka tattara abin da aka rubuta a kan abinci da wannan ciwo, suka ce hujjar ba ta da ƙarfi. Akwai marasa lafiya a Turai da Amurka da ke rantsuwa sun samu sauƙi, ba mu ce ƙarya suke yi ba. Amma har yau babbar hanyar da likitoci suka yarda da ita ita ce motsa jiki kullum, da maganin kumburi, da barin taba. Ku lura kuma, shi Farfesan ragewa ya ce. Wasu marasa lafiya ne daga baya suka kai abin ga bari ɗungurungum.

ME ZA A SA A AKUSHI?

Baturen Landan in ya bar burodi da dankalin Turawa, kanti na kusa, nama da kifi da cuku na jiransa. Mu namu rumbu hatsi ne a ciki. Wanda likita ya tabbatar masa da wannan ciwo, kuma yana son ya gwada, sai ya zauna da uwargida su yi lissafi tun kafin a fara.

Abin da ke da sitaci ya wuce tuwo da fura. Kunu, koko, waina, fanke, burodi, taliya, dambu, garin rogo, dankali, doya da gwaza duk suna ciki. Wake ma, wanda muke kira naman talaka, fiye da kashi ɗaya cikin uku nasa sitaci ne, ke nan ƙosai da alala da ɗan wake sun shiga. Mutanen Maraɗi su ji da kyau: aya ma tana da shi da yawa, ko da yake zaƙinta da manta ne ake ji a baki. Ɗanyar ayaba da ɗanyen mangwaro na da shi, in sun nuna sai ya juye ya zama zaƙi.

Abin da ba shi da sitaci, ko yake da kaɗan, Allah ya hore mana shi fiye da yadda muke zato. Ganye dai ga shi nan: zogale, rama, yakuwa, tafasa, lalo, alayyafo, kuka. Ga kuɓewa, yalo, kabeji, salati, tumatir, tattasai da albasar Galmi. Ga ƙwan kaji da na zabi. Ga kifin tafkin Madarunfa da na kogin Isa, ɗanye ko banda. Ga fara, wadda ba ta da sitaci ko kaɗan kuma tana gina jiki kamar nama. Ga nono, ga riɗi, ga gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ga awara, domin waken suya ba kamar namu wake yake ba, sitacinsa ƙalilan ne.

Da safe, maimakon koko da ƙosai, a soya ƙwai biyu da albasa da tumatir, ko a ci awara da yaji, a bi da nono. Da rana a yi kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli mai yawa, a zuba man gyaɗa kada a yi rowa, a watsa soyayyar fara in akwai. Da dare, miyar da aka yi wa gida ita ce tasa. A ɗebar masa tun da kauri, a yanka kabeji a dafa shi sama-sama ya tsaya a matsayin tuwo, a sa ɗan kifi ko nama ranar kasuwa. Miyar kuka da ta kuɓewa da kansu suke kauri, ba su bukatar gari. Tsakanin kalaci a riƙe gyaɗa ko riɗi a aljihu.

Maganar mai ita ce muhimmiya. Ganye yana cika ciki amma ba ya ɗaukar mutum zuwa azahar. Ƙarfin da tuwo ke bayarwa dole a nemo shi wani wuri, kuma awo da awo, mai ya ninka sitaci ƙarfi sau biyu da ɗoriya. Man gyaɗa da man shanu da riɗi su ne za su toshe gurbin. Wanda ya bar tuwo bai ƙara mai ba, jiri ne zai kayar da shi.

Madara kuma a tafasa ta kafin a kwantar da nono, saboda ciwon da muka ambata a sama. Mai shakkar ko an kaɗa nonon kasuwa ko yaji da gari, akwai dabara. A ɗebi kaɗan a murfi, a ɗiga masa ɗigo ɗaya na aidin, jan maganin nan da ake shafa wa rauni. In akwai sitaci zai koma baƙi mai shuɗi-shuɗi nan take. Abin da aka ɗiga wa a zubar, ba a ci.

Mun san abin da wani zai ce: wa ke da kuɗin ƙwai da kifi kullum? Gaskiya ne. Tiya guda ta hatsi na ciyar da gida, kuɗinta a kifi ba ya ƙosar da mutum biyu. Shi ya sa a ganinmu bari ɗungurungum bai dace da mai ƙaramin ƙarfi ba. Ya fi kyau a raba tuwon dare biyu a ci rabi, a cika da miya da ganye, a bar burodi da taliya da garin rogo waɗanda da ma saye ake yi. Kuma tukunyar gida ba a canza ta. In ƙwan da ya kamata yaro ɗan yaye ya ci shi ne ya koma akushin uba, to an yi gyaran gangar auzinawa.

Akwai waɗanda ba su gwada wannan ci sam: yara, mace mai ciki ko mai shayarwa, ramamme, mai tarin fuka, da mai ciwon ƙoda. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, in ya rage tuwo ba da sanin likita ba, sugansa na iya faɗuwa ya suma.

LOKACIN GWAJI

Da damina nono da ƙwan zabi da ganyen daji sun fi samuwa, amma lokacin ne jiki ke bukatar fura a gona, rumbu kuma ya yi ƙasa. Ba mu ba kowa shawara ya yi noma da cikin ganye ba. Lokacin ɗari ya fi, daga Disamba zuwa Fabrairu. An gama girbi, gyaɗa na gida, fara na kasuwa, garake sun cika da kabeji da tumatir, kayan miya sun yi araha.

A yi gwajin wata 3. Kafin a fara a hau ma'auni a likita, a rubuta kilo, a sake hawa kowane wata. A samu takarda, kullum da safe a rubuta abu biyu: ciwo ya tada ni cikin dare ko bai tada ni ba, kuma daga tashi zuwa sakin jiki minti nawa. Wanda bai iya rubutu ba, ɗan makaranta ko ɗalibin yaƙi da jahilci na gidan ya rubuta masa. Ba tare da takarda ba, mutum ranar sauƙi kawai yake tunawa.

Cikin wannan lokaci kada a bar maganin likita. Magungunan kumburi irin su ibuprofen da diclofenac suna aiki ƙwarai a kan wannan ciwo, amma suna cin tumbi, suna gajiyar da ƙoda. Ba a shan su da wofin ciki, kuma wanda ya saba haɗiye su da koko sai ya tabbata ya ci ƙwai ko awara tukuna. Ba a sayen su a faranti wurin ƴan talla. Akwai kuma allurai masu ƙarfi da aka fara yi wa masu wannan ciwo a Amurka a 2003. Suna da tsada, sai an ajiye su cikin sanyi, kuma sai an binciki tarin fuka kafin a fara, don suna iya tada wanda ke kwance. Motsa jiki dai kyauta ne. Kullum a miƙe jikin bango, diddige da kafaɗa da ƙeya su taɓa shi. A kwanta rub da ciki bisa tabarma kamar minti 15. A ja numfashi mai zurfi don kada haƙarƙari ya ƙage. A kwana bisa shimfiɗa mai tauri da matashi marar tudu.

In kilo ya fara zubewa, ko jiri da kasala sun hana aiki, a tsaya nan take ba sai wata 3 sun cika ba. In sun cika, a kai wa malamin asibiti takardar ku duba tare. Wanda darensa ya yi sauƙi kuma kilonsa bai ragu ba, sai su shirya yadda zai ƙara tuwo da fura gwargwadon aiki idan damina ta faɗi. Wanda takardarsa ba ta nuna bambanci ba, ya koma ga tuwonsa tun watan Maris, jiki ya murmure kafin sharar gona.