Bayan zaman makoki, ina amsar iyayen yara?

Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta tashi a wata makaranta da ke unguwar Pays-Bas a Yamai, ta lashe azuzuwan zana, yara wajen 20 suka rasu, akasarinsu 'yan ajin raino. Firaminista Ouhoumoudou Mahamadou ya je wurin, aka yi ta'aziyya, aka yi alkawarin bincike. Wata bakwai ba su cika ba, ranar 8 ga Nuwamba, irin wannan gobara ta auku a makarantar AFN ta Maradi, ta ci ran yara aƙalla 25 'yan shekara biyar zuwa shida. Aka yi zaman makoki na kwana uku a jahar, sannan majalisar ministoci ta hana azuzuwan zana a matakin raino. Dokar ta yi kyau, amma da darasin Yamai ya zauna, da tun watan Afrilu aka kafa ta. Wannan ratar ce take ba iyaye haƙƙin neman a binciki gobara da gaske, a karanta musu sakamako a fili, in kuma bai gamsar ba a sake.

Maganar ba ta mutanen Maradi kaɗai ba ce. Duk wanda ya san ƙauyukan Ƙonni, Malbaza da Ilela ya san irin ajin: dirkoki ne ake kakkafawa bayan girbi, a kewaye da zana, a rufa da karan hatsi, ƙofa ɗaya, yara cunkushe a kan tabarma. Hunturu na busawa, kara ya bushe ƙayau, ga mai suyar ƙosai a bakin makaranta. Gwamnatin Mohamed Bazoum da kanta ta ce irin waɗannan azuzuwa sun kai 36,000 a ƙasar. Tambayoyin uban da ya binne ɗansa ba su da wuyar ganewa. Daga ina wutar ta faro? Me ya sa rumfunan suka manne da juna? Wa ya duba ya ce sun yi? Yaushe 'yan kwana-kwana suka iso? Buhun shinkafa da ambulan ɗin ta'aziyya ba sa amsa ko ɗaya.

Za a ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. Musulmi ba ya jayayya da ƙaddara, amma ba a taɓa mai da ita hujjar yafe sakaci ba. Shari'ar da ta koyar da haƙuri ita ce ta ɗora diyya a kan kisan kuskure, kuma ba a yanke diyya sai an san yadda abu ya faru. Wasu kuma su ce tono tsohon zance fami ne, shaidu sun watse, toka ta bi iska. A nan labarin Stardust yake da amfani. A wannan gidan rawa na Dublin, babban birnin Ailan, matasa 48 suka mutu ranar 14 ga Fabrairu 1981. Kwamitin bincike na farko ya ce mai yiwuwa da gangan aka cinna wutar, zargin ya rataya a wuyan matasan unguwar, mai gidan kuwa har diyya ya karɓa. Iyalai suka ƙi yin shiru. A 2009 aka soke wancan zargi, a 2019 aka ba da umarnin sabon bincike, a Afrilun 2024 masu taimaka wa alƙali suka tabbatar cewa matsalar lantarki ce ta tada wutar, wasu ƙofofin fita a kulle suke ko a toshe, kuma kisa ne ba bisa ƙa'ida ba. Firaminista Simon Harris ya nemi gafara a majalisa. Shekara 43 ba su goge shaida ba, sai dai iyaye da yawa sun riga mu gidan gaskiya ba su ji ba.

Saura hujjar talauci da yaƙi, wadda ba ƙarya ba ce: Nijar ba ta iya gina dubban azuzuwa da siminti a shekara ɗaya, ko da kamfanin siminti na Malbaza na bakin hanya. Sai dai bincike ba ya cin kuɗin gini, kuma abin da zai fito da shi mai araha ne: tazara tsakanin rumfuna, ƙofa biyu, randar ruwa da yashi, nisanta murhu. Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba. A karkara iyaye ne da kwamitin makaranta suke saro kara su ɗaura rumfar da hannunsu, don hukuma ba ta gina aji ba. In babu rahoton da ya fayyace nauyin magajin gari, na sufeton ilimi da na ma'aikatar ilimi, laifin kan waɗannan iyayen yake komawa.