Ƙungiyar Ƙwadago da Ma'aikacin da Ba Shi da Ita: Misali daga Yammacin Zamfara

Masana tattalin arziki sun daɗe suna jayayya a kan ko ƙungiyoyin ƙwadago alheri ne ga ƙasa ko kuwa cikas. Tarihin Nijeriya ya bai wa kowane ɓangare hujja. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu ya shahara a cikinsa, ya sa Gwamnatin mulkin mallaka ta ƙara wa ma'aikata kuɗin tsadar rayuwa. Harbe maƙodan kwal 21 a Iva Valley ta Inugu a 1949 ya nuna irin kuɗin da aka sayi 'yancin ma'aikaci da shi. Kungiyar Ƙwadago ta Ƙasa da aka kafa a 1978 kuwa, ita ce ta matsa har aka yanke albashi mafi ƙanƙanta na Naira 125 a 1981.

To, amma wa ya ci wannan moriya? A ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum, akasarin masu katin ƙungiya malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti da na ƙananan hukumomi. Akasarin jama'a manoma ne, da makiyaya, da masu haƙar zinariya. Sa'ad da aka biya ƙarin Udoji a 1975, tashin farashin kaya ya haura kashi 30 cikin 100, kuma manomin Gummi ya sayi gishiri da kananzir a kan sabon farashi alhali ba a ƙara masa ko kwabo ba. Haka nan idan malamai suka shiga yajin aiki, ɗansa ne ke zaman gida. Masu sukar ƙungiyoyi suna da gaskiya a nan, ko da yake sukan manta cewa malamin da ba a biya shi ba, ba ya koyarwa ko da yana cikin aji.

Abin da ya auku a 2010 ya nuna ɗaya fuskar. Tsadar zinariya a kasuwannin duniya ta jawo mutanen Dareta, Abare da Bagega a ƙasar Anka, da na 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, zuwa ramukan haƙa. Duwatsun da suke fitarwa suna ɗauke da dalma mai yawa. Sai a kai su cikin gari, a daka a turmi ko a niƙa da injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta shiga ƙasa da abinci, yara suka yi ta farfaɗiya suna mutuwa. Likitocin Médecins Sans Frontières ne suka fara gano bala'in, kuma an ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 suka rasu. Ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega ba sai a 2013.

Waɗannan ma'aikata ne, gama da guminsu suke ci, amma ba su da wakilin da zai nemi a niƙa dutse da ruwa domin kashe ƙura, ko a keɓe wurin aiki a bayan gari, ko a tsaya wa dillali a kan farashi. Sai dai fa ƙungiyar ƙwadago irin ta ma'aikatan Gwamnati ba za ta zauna a nan daram ba, domin yajin aiki yana bukatar ubangida guda wanda za a ƙaurace wa. Mai haƙa a Bagega kuwa yana tsakanin mai rami, mai inji da dillali. In ya ajiye diga, wani zai ɗauka kafin azahar.

Abin da ya fi kusa da bukatarsa shi ne ƙungiyar gama-kai, wadda Dokar Ma'adinai ta 2007 ta tanadi a yi wa rajista a kuma ba ta taimakon ƙwararru. Tsarin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, inda maƙera da mahauta suka daɗe da sarakunan sana'a masu tsawatarwa da sasantawa. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda ta'asar 'yan bindiga, ta kuma ɗage hanin a Disamba 2024.