Farantai 64 masu sauraren sama: amsar tambayar da kuka aiko mana

Makon jiya wani mai saurare daga wajen Tarka ya turo mana hoto ta WhatsApp: fili fetal, ba gida ba bishiya, sai manyan farantai farare a warwatse, irin parabol ɗin da muke kafawa a tsakar gida, amma kowane ya kai tsawon bene. Ya ce a majalisarsu an kwana ana gardama. Wasu sun ce na'urar leƙen asiri ce, wasu sun ce da ita ake kore hadari. Ya ce mu da muke aikin rediyo mu raba gardamar.

To, ba ko ɗaya ba ne. Wurin sunansa MeerKAT, yana ƙasar Afirka ta Kudu, a wani yanki busasshe da ake kira Karu, kimanin kilomita 90 daga ƙaramin garin Carnarvon. Farantai 64 ne, faɗin kowane mita 13 da rabi, kuma an buɗe wurin a watan Yuli na 2018. Abin da zai ba ku mamaki, dangin aikinmu ne, rediyo ne. Sai dai mu magana muke watsawa, su kuwa ba sa cewa uffan, saurare kaɗai suke yi. Abin da ba ya tura komai sama ba zai kore girgije ba. Maganar mutane kuma ba nemanta suke yi ba, damunsu ma take yi, za mu zo kan wannan.

Me suke saurare? Kun san muryarmu ba ta waya take zuwa akwatinku ba. Eriyar tashar nan ce ke fitar da wasu igiyoyi da ido ba ya gani, akwatinku ya cafke su ya mayar da su magana. Ashe rana da taurari da iskar da ke tsakanin taurari su ma suna fitar da irin waɗannan igiyoyi, ba tare da wani ya zauna gaban makirfo ba. Wanda ya fara ganewa wani injiniya ne a Amurka, Karl Jansky, a 1932. Kamfanin tarho ya sa shi binciken shuuu ɗin da ke ɓata layi. Ya gano cewa wani daga tsawa yake, irin ƙarar da muke ji a gajeren zango in hadari ya taso. Amma akwai wani da ke dawowa kullum bayan awa 23 da minti 56, daidai da zagayowar taurari. Da ya bi sawunsa, sai ya ga daga farar hanyar nan yake fitowa, wadda ke ratsa sama a daren da babu wata.

Me ya sa farantai da yawa haka, ba ɗaya ba? Dalili biyu ne. Na farko kowace mace ta san shi: in ana yayyafi, wadda ta jera kwanoni goma ta fi mai kwano ɗaya tara ruwa. Saƙon da ke zuwa daga can ya yi rauni ƙwarai kafin ya iso, dole a tara shi. Na biyun sai makiyayi. In saniya ta ɓace da dare ta yi kuka, yana juyawa wajen da take, don kukan ya riga isa kunne ɗaya kafin ɗayan. Haka farantan nan suke. Saƙo yana riga isa wannan faranti kafin wancan da ɗan taƙi da mutum ba zai iya ƙirgawa ba, amma agogon wurin yana ƙirga shi. Wayoyin da aka binne a ƙasa suna kai abin da kowane faranti ya ji zuwa ɗakin kwamfuta, ita kuma ta haɗa su ta fitar da hoto. Iya nisan da ke tsakanin kunnuwan, iya kaifin hoton. Tsakanin farantai biyu mafi nisa da juna akwai kilomita 8, sai ya zama kamar an ƙera faranti guda mai wannan faɗin. Wane maƙeri ne zai iya?

Da shi ne aka ɗauki hoton tsakiyar waccan farar hanya, wurin da ƙura ta rufe, madubin hangen nesa na ido ba ya iya gani. Masana sun ce saƙon da ke fitowa daga can yana yin kimanin shekara 26,000 a hanya, alhali namu yana isa Gangara kafin ƙiftawar ido. Allah mai iko. Kuma ba a gama ba. Tun watan Disamba na 2022 aka fara gina wanda ya fi shi, mai suna SKA, wanda zai haɗiye waɗannan 64 ɗin su zama 197, a baje har tsawon kilomita 150, wato kusan daga Tanut zuwa Damagaram.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu, kuma nan ne muka fi daɗewa muna tattaunawa a tasha. Kunne mai kaifi haka ba ya son hayaniya. Masana kan ce wayar salula guda, ko a kan wata aka kunna ta, za ta shiga cikin abubuwa mafi ƙarfi da irin farantan nan za su ji a sama. Kun san yadda akwati ke tsartsar in babur ya gifta? Tartsatsin buji ne. A wata tashar irin wannan da ke Green Bank a Amurka, motar gazuwal kaɗai ake bari ta matso kusa da faranti, saboda ba ta da buji. Ɗaya rabin SKA da ake ginawa a Ostareliya kuwa yana saurare ne tsakanin mita 50 da 350, in muka faɗa yadda muke faɗa a rediyo, wato zangon FM ɗinmu gaba ɗaya yana ciki. Da tashar nan tana maƙwabtaka da shi, da mu ne na farko da za a ce su yi shiru.

Shi ya sa ake neman wuri mai ƙarancin ruwa, mai ƙarancin jama'a. Afirka ta Kudu ta yi doka a 2007 don kare shirun wannan yanki, ta taƙaita watsa igiyoyin rediyo da na salula a kewayensa. Amma Karu ba kango ba ne, ƙasar tumaki ce. Hukuma ta sayi gonakin kiwo da suka haura hekta 130,000, aka fitar da dabbobi, a 2020 aka mayar da filin gandun daji. An biya masu gonaki kuɗi, gaskiya ne. An gyara hanya, an ɗauki ma'aikata, an ba yaran Carnarvon tallafin karatu. Amma makiyayan yankin sun yi ta kuka: rezo zai yi musu wuya, ƴan ƙwadagon da ke kiwo a gonakin da aka saya za su rasa abin yi, dila za ta hayayyafa a filin da ba kowa ta riƙa faɗo wa garken maƙwabta.

Mun san wannan kukan. Wanda ya kalli taswira daga birni ya ga arewacin Tanut, zai ce ba kowa. Mu mun san akwai rijiyoyi, akwai burtali, akwai Fulani da Buzaye da ke hawa da sauka da garkensu, a ƙasar da dokar 1961 ta keɓe wa kiwo. Mun kuma san abin da salula ta zama: da ita ake jin farashin bisashe a kasuwar Bakin Birji kafin a kora su, da ita ake kiran mota in naƙuda ta yi tsanani, da ita ɗa da ke Sabha ke faɗa wa uwa ya turo kuɗi. A namu ganin, ilimin da farantan nan ke kawowa abin so ne, amma duk ranar da wani aiki babba, na taurari ne ko na wani abu, ya zo yana cewa fili ne kawai yake so, a fara zama da masu rijiya kafin a kafa turke.

Kada wani ya tafi da maganar a karkace: ba a ce za a gina shi a Damargu ba. Ƙasashen Afirka takwas ne suka haɗa hannu da Afirka ta Kudu a wannan shiri, Nijar ba ta ciki. Mafi kusa da mu ita ce Gana. A Kuntunse, kan hanyar Akara zuwa Nsawam, akwai wani faranti mai faɗin mita 32 da aka kafa a 1981 don sadarwa ta tauraron ɗan adam. Da wayoyin ƙarƙashin teku suka karɓe aikinsa sai ya zauna haka nan, har injiniyoyin Gana da na Afirka ta Kudu suka gyara shi ya koma sauraren sama. Shugaban ƙasar na wancan lokaci Nana Akufo-Addo ne ya buɗe shi a watan Agusta na 2017, kuma matasa daga ƙasashen Afirka suna zuwa can koyon aikin.

Ƴan uwa na Nima da Sabon Zango, abin yana bakin ƙofarku. Duk wanda hanya ta bi da shi ta Kuntunse ya ɗauko mana hoto, za mu sa shi a wannan shafi, mutanen Tarka su gani.