Shirin Musamman: Daga "Bala'in Kyau" Zuwa El Buhari



Ku je kasuwar albasa a Galmi ku kasa kunne. Dillali zai ɗaga guda ɗaya, ya murza ɓawonta, ya ce, "Alhaji, wannan ta yi bala'in kyau." Saurayi ya kurɓi shayi ya ce ya yi mugun daɗi. Amarya kuwa, wai masifar kyau gare ta. Ba wanda gabansa ke faɗuwa. Alhali a bakin kakanninmu, ba a ambaton bala'i ko masifa sai an bi su da "Allah ya kiyaye". Daga Larabci muka aro su, da nauyinsu duka. Turawan Ingila ma haka ta same su, kalmomin da suke nufin abin firgita a da, yau da su suke ƙarfafa yabo.

A labarai kuwa "mummuna" ce ke shan wuya. Mummunan hatsari, mummunan hari, mummunar ambaliya, kullum ita ce, har ta dakushe kamar wuƙar mahauci ranar kasuwa. "Ta'asa" dai ta tsira, ba ka jin an ce ta'asar kyau. Ita sai ga abin da ɗan Adam ya aikata da gangan, irin wanda Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa, suka yi wa Birnin Ƙonni a watan Mayun 1899, suka karkashe mutane, suka cinna wa gari wuta.

To, idan abin daga sama ya zo fa? Nan tsofaffi suka fi mu dabara. Ba su tsayawa neman siffa, suna suke raɗa wa shekarar. Yunwar 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba. Damina ta ƙi, rumbuna suka yi wayam, ga harajin Bature bai fasa ba. A irin waɗannan shekaru ne ake tona gidan tururuwa don tsintar ƙwayar hatsi, mata su jiƙa anza kwana da kwanaki, suna zubar da ruwan suna sake wani, har ɗacin ya fita a samu abin kaiwa baki.

Ta 1984 kuwa, da yawa cikinku kun gan ta da idonku. Fari ya cinye gonaki zamanin shugaban Nijar Seyni Kountché, Janar Buhari kuma ya rufe iyakokin Najeriya a watan Afrilu lokacin canjin naira. Hatsin da ke shigowa daga Sakkwato ta Illelar Najeriya ya yanke, sai wanda aka satato ta daji. Ba a buɗe iyakar ba sai 1986, bayan Babangida ya karɓi mulki, amma kafin nan mutanen Nijar sun riga sun sa wa yunwar suna El Buhari, wato 'yar Buhari. Har yau za ka tambayi dattijuwa shekarun ɗanta, ta ce maka, "Ai goye yake a bayana lokacin El Buhari."