Gidan Da Marayu Suke Yi Wa Juna Ta'aziyya

Idan aka yi rasuwa, manya ne suke zaman makoki, su kuma ake yi wa gaisuwa. Yaro kuwa sai a kora shi waje wasa, ko a ce masa Baba ya yi tafiya. To, mai tafiya ai dawowa yake yi, saboda haka sai yaron ya yi ta zuba ido ga ƙofa, babu wanda ya san abin da yake cin zuciyarsa.

Irin wannan hali shi ya dami wata ma'aikaciyar jinya mai suna Beverly Chappell a birnin Portland na jihar Oregon, ƙasar Amurka. A cikin shekarar 1982 ta kafa wata cibiya da ake kira Dougy Center, sunan wani yaro ɗan shekara 13, watau Dougy Turno, wanda ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa ya yi ajalinsa.

Dabarar ba ta da wuya. Ana tara yaran da suka rasa uwa ko uba, kowa da sa'o'insa, tun daga 'yan shekara 3 har zuwa 18, ba a kuwa karɓar ko kwabo. Sai su zauna a kewaye, kowa ya faɗi sunansa da wanda ya rasu masa. Wanda bakinsa ya yi nauyi yana da ikon ya ce a wuce shi, ba tilas. Ma'aikata ba sa yi musu huɗuba, nasu saurare ne. Kuma ba a ɓoye kalmar mutuwa, domin yaron da aka ce wa uwarsa barci take yi yana iya tsoron kwanciya.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da katifu, inda yaro zai shiga ya yi ta naushi da ihu har fushinsa ya huce. Lalle wanda ya ƙago wannan ya san yara, gama baƙin cikin ƙaramin yaro ya fi fita ta wasa da zane fiye da ta baki. Samari da 'yan mata kuwa, waɗanda sukan ƙi buɗe ciki a gida don kada su ƙara wa mahaifin da ya rage damuwa, sukan sake da tsararsu.

Su ma iyaye da masu riƙo suna nasu zaman a wani ɗaki dabam a daidai wannan lokaci. Gobara ta cinye ginin cibiyar a 2009, amma ba a fasa taruwa ba, aka koma wurin aro har aka buɗe sabon gini a 2013.